Guraben Aiki A Rediyo, Takardar Indijin A Bakin Ƙofa: Ina 'Ya'yanmu Za Su Dosa?

Gaisuwa ga iyayenmu maza da mata, da sauran 'yan uwa magidanta mazauna Hausari, Gwange, Bulabulin, Gamboru, Bolori, Bulumkutu da sauran unguwannin Yerwa.

Da wuya wata ya kama ya mutu ba a ji sanarwar ɗaukar aiki a rediyo ba, ko a gan ta tana yawo a wayoyin yara. Yau a ce 'yan sanda za a ɗauka, gobe soja, jibi kwastan ko shige da fice ko malaman makaranta. Duk lokacin da aka yi irin wannan sanarwa sai gida ya ɗauki harama. Uba ya rage kuɗin cefane ya ba da na kafe, uwa ta fasa asusu, yaro ya kwana yana fama da intanet don ya cike fom. Ana cikin cikewa sai a iso layin nan da ke tambayar jihar asali da ƙaramar hukumar asali, a kuma ce a ɗora takardar shaida, wadda kowa ya fi sani da takardar indijin. To a nan ne hannun yaronmu yake tsayawa. Ya rubuta Borno inda aka yanke masa cibiya, ko ya rubuta Kano ko Katsina ko Sakkwato, garin da kakansa ya baro tun kafin jirgin ƙasa ya iso Maiduguri a 1964?

Maganar da muke son kafawa a wannan fitowa ɗaya ce. Takardar indijin, yadda aka bar ta a hannun ganin dama, ita ce igiyar da 'yan siyasa suke ɗaure aikin gwamnati da ita, har abin da yake haƙƙin ɗan ƙasa ya koma alfarmar da ake roƙo a ƙofar gidan mai muƙami. Muddin muka ci gaba da bin wannan takarda da roƙo da kamun ƙafa, kowane gida shi kaɗai, to haka za mu bar wa jikokinmu wannan gado. Lokaci ya yi da za mu nemi rubutacciyar ƙa'ida, mu neme ta a fili, tare da maƙwabtanmu.

DOKA MAI BAKI BIYU

Ya kamata kowane magidanci ya san abin da tsarin mulkin 1999 ya ce, domin kada a riƙa yi mana romon baka. Sashe na 15 ya hana nuna bambanci saboda garin asalin mutum ko ƙabilarsa ko harshensa ko addininsa, ya kuma ɗora wa gwamnati nauyin tabbatar wa kowane ɗan Nijeriya cikakken 'yancin zama a duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 41 ya ba kowa 'yancin zirga-zirga da zama. Sashe na 42 ya ce kada a hana ɗan ƙasa abin da ake ba wani saboda asalinsa. Wanda ya tsaya a nan sai ya ɗauka magana ta ƙare.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Sashe na 15 yana cikin babi na biyu, wato babin manufofi, wanda sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati aiki da shi. Sashe na 42 kuma, wanda ake iya kai ƙara a kansa, a ƙarshensa an bar ƙofa a buɗe ga dokokin da suka shafi naɗin muƙamin gwamnati da shiga soja da 'yan sanda. Sannan sashe na 14 ya zo da tsarin raba daidai, sashe na 147 ya ce dole a ɗauki minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta, sashe na 318 kuma ya danganta zama ɗan jiha da kasancewar iyaye ko kakanni daga wata al'umma 'yar asalin jihar. Wace ce al'umma 'yar asali? Daga wace shekara ake fara lissafi? Daga 1960, ko 1914, ko zamanin Rabe, ko zamanin Birnin Gazargamu? Tsarin mulki bai ce uffan ba.

Hukumar Raba Daidai ta ƙasa, wadda gwamnatin soja ta kafa da doka mai lamba 34 ta 1996, ita aka ba aikin sa ido a kan rabon guraben aikin tarayya. A ƙa'idarta, 'yan asalin kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin ɗari na ma'aikatan hukuma, kada kuma su wuce kashi 3. Da ta zo fassara ɗan asalin ƙaramar hukuma sai ta ce wanda ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin wurin ne, ko kuma wanda ƙaramar hukumar ta karɓa a matsayin nata. A lura da wannan kalma ta “karɓa”. Ba a ce bayan shekara kaza ba, ba a ce da shaidar haihuwa ko ta biyan haraji ba. An bar abin ga son ran wanda ke riƙe da alƙalami. Shi ya sa za ka ga gida biyu jere da juna, kakanninsu a ayari ɗaya suka zo, 'ya'yan wannan gida sun samu takarda saboda ubansu yana da sanayya, 'ya'yan wancan kuwa an ce su nemi garinsu. Kai, a wani gidan ma wa ya samu, ƙane ya rasa, domin kujera ta canja hannu a tsakani.

JEMAGE, BA TSUNTSU BA, BA DABBA BA

Idan aka ce wa yaro ya nemi garinsu, sai uba ya haɗa masa kuɗin mota ya tafi ƙauyen kakansa. Can kuma mai unguwa ya dube shi ya ce, “Ɗan wa? Wane gida?” Tsofaffin da suka san kakan sun rasu, gonar an raba, kangon gidan ma an sayar. Yaro ya buɗe baki a ji Hausarsa da gishirin Borno, a ce ai wannan Babarbare ne. Ya dawo hannu rabbana, ko kuma ya sayi takardar a bayan fage, ya shiga aiki da ƙarya a fayil ɗinsa, yana ɗar-ɗar har ranar ritaya. Wanda ya samu ta halal a can ma, idan aka zo rabon gurbi, wane ɗan majalisa ne zai tuna da wanda ba ya zaɓe a mazaɓarsa?

'Ya'yanmu mata nasu ya fi ciwo. A ƙa'idar hukumar, matar aure tana nan a kan jihar mahaifinta wajen lissafin rabon aikin tarayya. Yarinya an haife ta a Gwange, ta auri ɗan Borno, ta haifa masa 'ya'yan da ba mai musun asalinsu, amma ita a takarda baƙuwa ce a gidan da take shara kullum.

Abin tambaya shi ne, a wane wuri kuma ake kiran mu baƙi ban da wurin rabo? Lokacin ƙidayar 2006 da aka ce Borno ta haura mutum miliyan 4, da kawunanmu aka ƙirga, kuma yawan jama'a yana cikin ma'aunin da ake raba kuɗin tarayya da shi duk wata. Katin zaɓe inda mutum yake zaune ake yanka masa. Harajin ma'aikaci jihar da yake zaune take karɓa. Kuɗin rumfa a Kasuwar Monde da Kasuwar Gamboru da Tashar Baga ba a taɓa ɗauke wa wani ba don kakansa Bakatsine ne. Wato wajen ƙirga da zaɓe da biya mu 'yan gida ne, wajen ofa kuwa sai a tuna kakanmu da jaki ya zo.

WA YAKE CINYE GURABEN?

A nan muke so 'yan uwa su natsu, domin akwai masu son mu ɗauka maƙwabcinmu Babarbare ko Babur ko Marghi ko Shuwa shi ne ya tare mana hanya, su kuma a ce musu mu ne muka zo cin rabonsu. Mu bi labaran da suka fito a jaridu mu ga wa ya ci.

Ranar Asabar 15 ga Maris 2014, kwana ɗaya bayan harin barikin Giwa da ya girgiza garin nan, hukumar shige da fice ta tara masu neman aiki a filayen wasa a faɗin ƙasa. Sama da mutum 500,000 ne suka nema, kowa ya biya Naira 1,000, alhali guraben ba su kai 5,000 ba. Aka yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aƙalla mutum 15 suka rasu. Ministan cikin gida na lokacin shi ne Abba Moro. Waɗanda suka mutu a ƙofar filin wasa 'ya'yan talakawa ne.

A 2016 jaridu suka fallasa cewa Babban Bankin Nijeriya ya ɗauki ɗaruruwan ma'aikata ba tare da talla ba, kuma a cikin sunayen akwai 'ya'ya da dangin manyan masu mulki. Amsar bankin ita ce ya samu izinin yin haka daga Hukumar Raba Daidai. Ƙa'idar hukumar kuwa ta ce a tallata gurbi a jaridu biyu na ƙasa, a ba masu nema mako shida. Wannan izini na tsallake talla shi ne tagar da ake miƙa aiki ta cikinta da dare.

A 2020 aka yi shelar aikin wucin gadi na mutum 774,000, wato mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, a kan Naira 20,000 a wata har wata uku, da kasafin Naira biliyan 52. Kafin a ba kowa tsintsiya, ƙaramin ministan ƙwadago Festus Keyamo da 'yan Majalisar Tarayya suka yi cacar baki a gaban 'yan jarida ranar 30 ga Yuni, a kan wa zai zaɓi mutanen. Aikin share kwata na wata uku ke nan. Borno mai ƙananan hukumomi 27 rabonta 27,000, amma birnin Maiduguri da Jere, waɗanda a lokacin suke ɗauke da ɗimbin 'yan gudun hijira daga ko'ina a jihar, kowace 1,000 ce rabonta, daidai da ƙaramar hukumar da mutanenta suka watse.

A watan Agusta 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya zauna binciken cinikin guraben aiki. Wani tsohon jami'in Hukumar Raba Daidai, Haruna Kolo, ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi miliyoyin Naira daga masu neman aiki, ya ce shugabar hukumar ta lokacin, Muheeba Dankaka, yake kai wa. Ita kuma ta musanta. Ba mu ne alƙalai ba, amma ko wanne ya yi gaskiya a cikinsu, an tabbatar da cewa a cikin ofishin da aka kafa don adalci ake sayar da aiki. Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta.

A watan Yuni 2024 Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ta fitar da sunayen kurata 10,000. Hedkwatar 'yan sanda ta fito ta ce ba ta yarda ba, wai akwai sunayen waɗanda ko nema ba su yi ba. Hukumar ta mai da martani ta ce sharri ne. Yaran da suka ci jarrabawa suka zauna makonni suna jiran manya su gama faɗa. A 2025 kuma aka yi shelar gurbi kimanin 30,000 a shige da fice, sibil difens, gidajen gyaran hali da 'yan kwana-kwana, mutum sama da miliyan 1.5 suka nema.

Jama'a, a cikin duk waɗannan labarai ina ɗan Hausari ya ci rabon wani? Ina ɗan talakan Kanuri na Shehuri ko Mafoni ya ci namu? Shi ma da takardarsa a aljihu yake zaman kashe wando, domin ba shi da uwa a gindin murhu. Bambancinmu da shi, shi ƙofa ɗaya ce ta rufe masa, mu biyu. Amfanin takardar indijin ga ɗan siyasa shi ne tana raba layin masu nema gida biyu, su shagala da harara tsakaninsu, shi kuma ya shige da ɗansa ta baya. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

AMSA GA MASU CEWA “KU KOMA GIDA”

Akwai hujjojin da ake kawo mana, kuma bai kamata mu toshe kunne ba.

Ana cewa tsarin raba daidai an yi shi ne don kare jihohin da aka bari a baya a karatun boko, Borno kuma tana cikinsu, ga shi rikici ya ƙara rusa makarantunta. Wannan gaskiya ne, kuma ba mu nemi a soke kason Borno ba. Tambayarmu ita ce, yaron da ya yi firamare da sakandare a Maiduguri, aka rufe masa makaranta a 2014 tare da kowa, ya zauna a aji ɗaya da ɗan maƙwabcinsa a ƙarƙashin malami ɗaya, da me ya fi shi gata? Koma bayan da ake son magancewa a kansu su biyu ya sauka.

Ana cewa za mu ci biyu, mu karɓa a nan mu karɓa a can. Wannan ƙorafi yana da tushe, domin akwai masu yin haka, kuma suna ɓata mana suna. Maganinsa mai sauƙi ne a zamanin lambar NIN: mutum ɗaya, ƙaramar hukuma ɗaya. Wanda ya zaɓi Borno ya saki Kano, a rubuta, magana ta ƙare.

Ana cewa ai jihohin Hausa ma haka suke yi wa baƙi. Haka ne, kuma zalunci ne a can kamar yadda yake zalunci a nan. Inyamurin da aka haifa a Sabon Garin Kano, da Bayeraben da kakansa ya zauna a Zariya, kukansu da namu ɗaya ne, kuma ba mu da bakin neman haƙƙi a Yerwa idan muna goyon bayan a hana su a can. Rahoton ƙungiyar Human Rights Watch na 2006 ya nuna cutar ta game ƙasa, daga Filato zuwa Kano da Kaduna da Delta. A 2011 gwamnatin Theodore Orji ta Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, mafi yawansu kuwa Inyamurai 'yan uwansu ne daga Imo da Anambara da Inugu da Ebonyi. Wuƙar da aka wasa don baƙo, wata rana ɗan gida take yanka.

Sai dai mu tuna wa 'yan uwanmu Kanuri wani abu cikin girmamawa. A cikin birnin Kano akwai unguwar Zangon Barebari. Masarautar Lafiya ta jihar Nasarawa Barebari ne suka kafa ta. Janar Sani Abacha, wanda a zamanin mulkinsa aka kafa Hukumar Raba Daidai, asalinsa Babarbare ne, a Kano aka haife shi a 1943, a Kano aka binne shi a 1998, kuma duk ƙasar nan Bakano ta ɗauke shi. Haka nan ita kanta Yerwa a 1907 aka kafa ta, zamanin Shehu Abubakar Garbai, kuma Hausari tana cikin tsofaffin unguwanninta. Kamar yadda Shehuri take unguwar Shehu, haka Hausari take unguwar Hausawa, da harshen masu garin aka raɗa mata suna. Fatake da almajirai masu neman Alƙur'ani a gabas da alhazan ƙafa masu bin hanyar Sudan, su ne kakanninmu, kuma Shehunan Borno sun sauke su sun ba su wuri. Abin da sarauta ta karɓa shekara ɗari da suka wuce, bai dace fom ɗin kwamfuta ya kore shi ba.

Daɗin daɗawa, wahala ba ta taɓa tambayar mu takarda ba. A 2013 da samarin gari suka ɗauki gora suka ce ya isa, daga Hausari aka fara, kuma a shingayen 'yan kato da gora ba a tambayi kowa ƙaramar hukumar kakansa ba. Gobarar Kasuwar Monde ta Fabrairu 2023 ba ta tsallake rumfar kowa ba. Ambaliyar dam ɗin Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta shiga gidan Babarbare da na Bahaushe a dare ɗaya. Wanda bai gudu ba a ranar wuya, bai kamata a ce masa ya koma gida a ranar rabo ba.

Kuma Borno ta nuna za ta iya. A Fabrairu 2020 Gwamna Babagana Umara Zulum ya kai ziyarar ba-zata makarantar firamare ta Shehu Sanda Kyarimi da sassafe, ya tarar da wata malama 'yar asalin jihar Abiya da ta shekara 31 tana koyarwa a nan ta riga kowa zuwa. Ya ba ta kyautar Naira 100,000, aka kuma ɗaga ta zuwa mataimakiyar shugabar makaranta. Duk ƙasa ta yaba, mu ma mun yaba. Amma kyautatawar gwamna ɗaya tana ƙarewa da wa'adinsa. Abin da muke so shi ne a zuba wannan hali cikin doka, yadda ko wa ya hau kujera zai tarar da shi a rubuce.

DARASIN JOS

Wanda yake ganin maganar muƙami da asali wasa ce, ya dubi Jos. A Afrilu 1994 naɗin Alhaji Aminu Mato shugaban riƙon ƙaramar hukumar Jos ta Arewa ya jawo tarzoma. A 2001 naɗin Alhaji Mukhtar Muhammad jami'in shirin yaƙi da talauci na ƙaramar hukumar ya zafafa gari, har abin ya fashe ranar 7 ga Satumba, aka yi asarar rayuka kusan 1,000 cikin mako guda. A Nuwamba 2008 aka sake a kan zaɓen ƙaramar hukumar. Kujera ɗaya, gawa ba iyaka, kuma har yau ba a warware maganar takardar ba.

Maiduguri ba Jos ba ce. Mu da masu masaukinmu mun yi auratayya, muna sahu ɗaya, muna makabarta ɗaya, kuma garin nan ya sha jinin da ya ishe shi. Saboda haka duk wanda ya zo wa samarinmu da maganar zafi a kan wannan batu, ko ya nemi ya mai da shi faɗan Bahaushe da Babarbare, a kore shi, ɗan kwangilar siyasa ne. Hanyarmu takarda ce da alƙalami da ƙuri'a.

An kuma yi ta yunƙurin gyara a sama ana fasawa. Taron ƙasa na 2014 ya tattauna 'yancin mazauna, rahotonsa yana kan kanta. A 2025 Mataimakin Kakakin Majalisar Wakilai Benjamin Kalu ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya shekara 10 a jiha, da matar da ta auri ɗan jiha, damar zama 'yan asali. Aka yi masa ca, ya janye a watan Yuli. Wannan ya nuna idan muka zauna jiran Abuja, za mu daɗe. Amma tun da ƙa'idar Hukumar Raba Daidai ta riga ta ba ƙaramar hukuma ikon karɓar mutum, majalisar dokokin jiha tana iya tsara yadda za a yi karɓar, ba sai an taɓa tsarin mulki ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Na farko, Majalisar Dokokin Jihar Borno ta yi doka da za ta fayyace sharuɗɗan samun takardar ƙaramar hukuma: haihuwa a wurin, ko zama na adadin shekaru da aka ƙayyade, da shaidar Bulama da Lawan da Hakimi, da kuɗin da aka rubuta a allo kowa ya gani. Wanda aka hana a ba shi dalili a rubuce, da inda zai ɗaukaka ƙara.

Na biyu, duk aikin gwamnati, na tarayya ko na jiha, a tallata shi, a manna sunayen waɗanda aka ɗauka da makinsu da mazaɓarsu. A rufe tagar nan ta izinin tsallake talla.

Na uku, a daina ba masu muƙami kason guraben aiki. Aikin ɗan majalisa yin doka ne da sa ido. Ranar da ya karɓi kaso, ya sayar da bakin da zai yi tambaya da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kowane gida ya yanki takardar haihuwar 'ya'yansa daga Hukumar Ƙidaya tun suna jarirai, ya adana takardun makaranta, rasit na haraji da na rumfa, da takardun gida. Waɗanda ambaliya ta cinye wa takardu su sabunta tun ba a buƙace su ba. Waɗannan su ne shaidunmu ranar da za a tambaya.

Kada wanda ya sayi aiki. Hukumomin nan duk suna shelar cewa fom kyauta ne, kuma mai ce maka ka kawo kuɗi yana da hanya, ko ɗan damfara ne ko ɓarawon rabon wani. Gidaje nawa ne suka sayar da fili ko keke Napep suka karɓi ofa ta bogi? Kada wanda ya riƙe takardar ƙananan hukumomi biyu, kada wanda ya canja wa ɗansa suna ko ƙabila don takarda. Wanda ya shiga ta taga ba ya iya ɗaga murya a tsakar gida.

Wanda aka hana takarda, ko aka cire sunansa bayan ya ci jarrabawa, kada ya haɗiye ya ce ƙaddara. Ya kawo wa ƙungiya bayani da kwanan wata da kofen takardunsa, a tara a fayil ɗaya. Koke ɗaya gunaguni ne, koke ɗari hujja ce da za a iya ajiyewa a gaban Hukumar Karɓar Koke-koke ta ƙasa, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ICPC idan maganar cin hanci ce. Yaranmu kuma su ci gaba da nema, kada a karya musu gwiwa, su kuma riƙe sana'a a hannu, domin lissafin da muka gani a sama ya nuna ko an yi adalci, gwamnati ba za ta ɗauki ko kashi ɗaya cikin goma ba.

Sannan ga zaɓen 2027. Za su zo unguwanninmu kamar yadda suka saba, da atamfa da taliya da alkawarin gurbi biyu ko uku ga 'ya'yan shugabannin ƙungiya. A nan ne ake saye mu da araha. Shugaban da ya karɓi ofa don ɗansa ya yi shiru, ya sayar da 'ya'yan unguwa duka. Tambayarmu ga kowane ɗan takarar kansila da ciyaman da majalisar jiha ɗaya ce: za ka goyi bayan rubutacciyar doka a kan takardar indijin, ko ba za ka goya ba? Ya amsa a gaban jama'a, a rubuta, a ajiye. Kuma mu je wa dattawan Kanuri da Shuwa da Babur da Marghi, da shugabannin Inyamurai da Yarbawa mazauna garin nan, mu nuna musu cewa dokar da za ta sa a manna sunaye a allo 'ya'yansu za ta fara amfana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kakanninmu sun zo Borno da fatauci da allo, aka karɓe su hannu biyu, suka rayu a nan aka binne su a nan. Mu ba mu da wani gida da za mu koma. Abin da muke nema wa 'ya'yanmu shi ne a bar su su shiga layi ɗaya da abokan wasansu, a gwada su da jarrabawa ɗaya, wanda ya ci ya ci, wanda ya faɗi ya san faɗuwa ya yi.

Allah Ya zaunar da Borno lafiya, Ya ja zamanin Shehu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya buɗa wa 'ya'yanmu da na maƙwabtanmu hanyar abinci ta halal. Wassalam.